Tabarau na duniyar kwaikwayo: an saya, an yi mamaki, an ajiye

Kusan duk wanda ya taɓa ɗaura wannan na'ura a fuskarsa karon farko, labari ɗaya yake bayarwa. Da an rufe masa ido da ita, sai ɗakin da yake tsaye ya ɓace, ya tsinci kansa a ƙololuwar dutse ko a ƙarƙashin teku. Ya waiga hagu, ga duniya a hagu. Ya ɗaga kai, ga sararin sama. Ya san sarai a kan daɓe yake tsaye, amma ka ce ya taka gaba ya faɗa ramin da yake gani, sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Masu ƙera ta suna kiranta VR, mu kuwa bari mu kira ta tabarau na duniyar kwaikwayo. A mintuna goma na farko babu na'urar da ta kai ta ban mamaki. Matsalar sai a mako na uku take bayyana, ranar da mai ita ya lura ya kwana biyu bai taɓa ta ba, kuma bai yi kewarta ba.

Abin da ke faruwa tsakanin mintunan nan goma da makon nan na uku shi ya lamushe biliyoyin daloli, shi ya sa manyan kamfanoni suka shiga suka fita, kuma shi ne abin da ya kamata a warware.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1968 Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan na'ura a Amurka, abin da take nunawa bai wuce zanen layuka ba, kuma sai da aka saƙalo ta daga rufin ɗaki. A shekarun 1980 Jaron Lanier da kamfaninsa na VPL suka yayata sunan da ake kiranta da shi yau. Sega ta yi shelar tata a farkon shekarun 1990, ba ta taɓa fitowa kasuwa ba. Nintendo ta fitar da Virtual Boy a 1995, allonsa ja da baƙi kawai, masu wasa suna kukan ciwon kai, aka janye shi bayan an sayar da abin da bai kai miliyan ɗaya ba. Daga nan maganar ta kwanta kusan shekara ashirin.

Wani matashi ɗan Kalifoniya mai suna Palmer Luckey ne ya tashe ta. A 2012 ya nemi gudummawar dala 250,000 a dandalin Kickstarter don ƙera Oculus Rift, jama'a suka tara masa kusan dala miliyan 2.4. Abin da ya sauya ba dabarar ba ce, kayan haɗin ne: kasuwar wayoyin salula ta riga ta sa ƙananan alluna masu kyau da na'urorin auna motsi sun yi araha. A watan Maris na 2014 Facebook ya sayi Oculus a kan kusan dala biliyan 2, alhali ko guda ɗaya ba a kai shago ba tukuna. A 2017 shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya tsaya gaban taro ya ce burinsa shi ne mutum biliyan ɗaya su shiga duniyar kwaikwayo. Alƙawarin ke nan: bayan kwamfuta da wayar hannu, wannan ce na'ura ta gaba, a cikinta za a yi taro, a yi karatu, a kalli wasa, a ziyarci 'yan'uwa.

Kafin a duba yadda alƙawarin ya kaya, sai an fahimci abin da na'urar take nema daga jikin mutum, domin a nan ne rabin labarin yake.

A cikin tabarau ɗin akwai allo dab da ido, ana nuna wa kowane ido hoto mai ɗan bambanci da na ɗan'uwansa, kamar dai yadda idanunmu biyu suke ganin abu daga wurare biyu. Ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta fitar da zurfi. Sannan akwai na'urori masu bin motsin kai, don in ka juya, hoton ya juya. Wannan juyin dole ya zama cikin ƙiftawar ido. Masu sana'ar sun daɗe da ɗaukar cewa jinkirin bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma ana son a sabunta hoton kamar sau 90 a kowace daƙiƙa. In aka yi nawa, mutum ya juya kai duniya ta biyo shi a makare, nan take cikinsa ya fara juyawa.

An shawo kan wannan, amma akwai wanda ya fi shi taurin kai. A can cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi ko yana tsaye. In a cikin wasa kana gudu, ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ƙarya ne, muna zaune. Wannan saɓanin shi ke kawo jiri da tashin zuciya, irin wanda wasu ke ji in suna karatu a cikin mota, sai dai a nan abin a juye yake. Wasu suna sabawa bayan 'yan kwanaki, wasu ba sa sabawa ko kaɗan. Masu ƙirƙirar wasanni sun ƙirƙiro dabaru, kamar a nuna wuri a tsinci kai a can ba tare da an taka ba, ko a duhunta gefen gani lokacin motsi. Dabarun suna aiki, amma kowace tana rage wani abu daga alƙawarin cewa za ka yi yawo yadda ka ga dama.

Akwai kuma gajiyar ido. A zahiri, in abu ya matso kusa, idanu biyu suna karkatowa ciki, a lokaci guda kuma kowane ido yana daidaita ganinsa zuwa nisan abin. Ayyukan biyu tare suke tafiya tun muna jarirai. A cikin tabarau ɗin kuwa, idanu suna karkatowa su bi abin da aka nuna kamar yana gaban hanci, amma daidaiton gani yana nan a nisa ɗaya da ba ya sauyawa. An raba abokan tafiya biyu ke nan, kuma ido yana biyan kuɗin rabuwar. Har yau babu na'urar kasuwa da ta yaɗu wadda ta magance wannan.

Ƙara da nauyi. Quest 2, ɗaya daga cikin tabarau ɗin Oculus, ya ɗan haura gram 500, kuma nauyin a gaban fuska ya taru, wuya ke ɗauka. Ga gumi, ga shatin da yake bari a goshi, ga wahalar masu sa gilashin ƙara gani. Batir kuma awa biyu ne ko ɗan sama da haka, ko da yake, gaskiya, mutane kaɗan ne suke kai wa ƙarshen batir ɗin kafin su gaji da kansu.

Da waɗannan ƙalubale aka shiga kasuwa. Hanya ta farko da aka bi ita ce ta araha: a saka wayar hannu cikin wani akwati a kara a ido. Google ya fitar da Cardboard a 2014, na kwali ne zalla da ƙananan gilasai biyu masu ƙara girman hoto, har jaridar New York Times ta raba wa masu karatunta fiye da miliyan ɗaya a watan Nuwamba na 2015. Samsung ta yi Gear VR, Google ya ƙara da Daydream a 2016. A ganina wannan hanyar ta yi ɓarna fiye da gyara. Na'urorin suna gane juyawar kai amma ba sa gane matsawar jiki, wayar tana zafi, batir yana zuba, kuma ba ka da waya muddin tana cikin akwatin. Miliyoyin mutane a nan suka fara ɗanɗanawa, suka ji jiri, suka yanke hukunci. A 2019 Google ya rufe Daydream, Samsung ma ta bar nata.

Hanya ta biyu ita ce ta masu ƙarfi, a 2016, shekarar da aka yi ta kira shekarar duniyar kwaikwayo. Oculus Rift ya fito a kan dala 599, HTC Vive a kan 799, kuma kowanne sai an haɗa shi da kwamfuta mai tsada ta hanyar kebul da ke bin mutum a baya yana harɗe masa ƙafa. Sai an kafa na'urorin lura a kusurwoyin ɗaki, sai an kwashe kujeru. Sony ce ta fi cin riba a wannan zagayen da PlayStation VR mai dala 399, ta sanar da sayar da miliyan 5 a farkon 2020. Adadi ne mai kyau, har sai ka tuna cewa na'urar PlayStation 4 da ake haɗa shi da ita ta haura miliyan 100. Wato ko a cikin masu wasan bidiyo, waɗanda suka riga suka mallaki rabin kayan, kusan mutum ɗaya cikin ashirin ne ya saya.

Sai a 2019 aka samu abin da za a kira gyara na gaskiya. Oculus Quest ya yar da kebul, ya yar da kwamfuta, ya yar da na'urorin kusurwa. Komai yana cikinsa, kyamarorin da ke jikinsa su ke duba ɗaki su gane inda mutum yake. Quest 2 ya biyo baya a watan Oktoba na 2020 a kan dala 299, daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida. Ya yi kasuwar da babu irinta a tarihin wannan na'ura. A farkon 2023 rahotanni daga wani taron cikin gida na kamfanin suka ce an sayar da Quest kusan miliyan 20.

Miliyan 20 ba abin rainawa ba ne, in da na'urorin wasa ake gwada shi. In kuwa da wayar hannu ake gwadawa, wadda ake sayar da fiye da biliyan ɗaya duk shekara, to ko kusa. Kuma ba masu suka ba ne suka zaɓi wannan ma'aunin, kamfanin ne da bakinsa. Sannan adadin sayarwa yana ɓoye wani abu. A 2022 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito, daga takardun cikin gida na kamfanin, cewa fiye da rabin Quest ɗin da aka saya ba a amfani da su bayan wata shida. Farashi ya sauko, an saya, an yi mamaki, an nuna wa baƙi, an mayar cikin kwali.

Me ya sa? Ni dai ina ganin amsar tana cikin yadda wayar hannu ta ci duniya. Waya ba ta neman ka ware mata lokaci. Tana shiga 'yan giɓin da ke cikin yini: kana jiran wani, kana cikin mota, kana kwance kafin barci. Ka duba ta daƙiƙa talatin ka mayar aljihu, kuma duk lokacin kana ganin wanda ke gabanka. Tabarau na duniyar kwaikwayo kuwa sai ka yi masa shiri. Ka duba caji, ka share wuri, wataƙila ka jira manhaja ta sabunta kanta, ka ɗaura, ka gyara maɗauri. Sannan ka yarda ka fita daga cikin mutanenka: ba ka ganin yaro ya nufi wuta, ba ka ganin wanda ya shigo, ba ka iya miƙa hannu ka ɗauki kofi. Abin da ya sa na'urar ta zama abin mamaki, wato yadda take raba ka da inda kake, shi ne dai abin da ya hana ta zama abin kullum. Talabijin mutum biyar za su kalla tare su yi dariya tare. Wannan kuwa mutum ɗaya ne a ciki, sauran suna kallonsa yana kai wa iska duka.

Ga kuma matsalar abin da za a yi a ciki. Manyan kamfanonin wasanni ba za su zuba kuɗi mai yawa ba sai masu na'urar sun yi yawa, masu saye kuma ba za su yi yawa ba sai akwai wasannin da suka cancanci sayen. Kowa na jiran kowa. An samu 'yan fitattu. Beat Saber, wanda wani ƙaramin kamfani a Jamhuriyar Cek ya fitar a 2018, ya dace da na'urar ƙwarai: kana tsaye wuri ɗaya, abubuwa ne ke zuwa gare ka kana sara, don haka babu jiri, kuma cikin 'yan mintuna an gama zagaye. Facebook ya saye kamfanin a 2019. Valve ya fitar da Half-Life: Alyx a 2020, aka yaba masa sosai, aka zaci zai buɗe ƙofa wasu su biyo. Ba su biyo da yawa ba. A dandalin Steam, inda masu wasa da kwamfuta suka fi taruwa, masu irin wannan tabarau sun daɗe suna shawagi a wajen kashi 2 cikin 100.

Duk da haka, a watan Oktoba na 2021 Facebook ya sauya sunan uwar kamfaninsa zuwa Meta, ya ce makomarsa ita ce wata duniyar intanet da za a riƙa shiga ciki da jiki. Sashen da ke wannan aiki, Reality Labs, ya yi asarar dala biliyan 10.2 a 2021, biliyan 13.7 a 2022, biliyan 16.1 a 2023, da biliyan 17.7 a 2024, alhali kuɗin shigarsa a kowace shekara bai yi nisa da biliyan 2 ba. Adalci ne a ce ba duka kuɗin ne suka tafi kan Quest ba, kaso mai yawa na binciken tabarau na nan gaba ne. Amma dandalin da aka gina don taruwar jama'a, Horizon Worlds, ya zama abin ba'a. A farkonsa mutanen cikinsa ba su da ƙafafu, daga ƙugu zuwa sama suke yawo, kuma hoton da Zuckerberg ya wallafa a watan Agusta na 2022, siffarsa ta kwaikwayo a gaban hasumiyar Eiffel, ya sha dariya a intanet saboda rashin kyan zanen.

Mutum zai tambaya, me ya hana su haƙura? Ruwa ba ya tsami banza. Facebook ya yi girma ne a kan wayoyin da ba nasa ba. Apple da Google su ke riƙe da ƙofar, su ke kafa doka, su ke yankar kasonsu a kantunan manhaja. Da Apple ya sauya dokar bibiyar masu amfani da iPhone a 2021, Meta da kansa ya ce abin zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Wanda aka yi wa haka a gidan haya, ba abin mamaki ba ne ya dage sai ya gina nasa. Don haka sayar da Quest da araha ba kyauta ba ce, kuɗin fili ake biya.

Sauran kamfanoni ba su da wannan dalili, kuma an ga bambanci. Sony ta fitar da PlayStation VR2 a watan Fabrairu na 2023 a kan dala 550, ya fi na'urar PlayStation 5 ɗin da yake dogara da ita tsada, daga baya dole aka rage. Microsoft ya sanar da dakatar da tsarinsa na irin wannan tabarau, Windows Mixed Reality, a ƙarshen 2023.

Sai Apple, wanda da yawa suka sa rai shi zai yi abin da ya yi da waya. Vision Pro ya fito ranar 2 ga Fabrairu, 2024, a kan dala 3,499. Allonsa ya yi kyau matuƙa, ana sarrafa shi da kallo da matsa yatsu biyu. Amma ya kai gram 600, batir ɗinsa daban yake a aljihu da kebul, kuma a wannan farashin ba na kowa ba ne. Abin lura a nan shi ne yadda Apple ya kauce wa sunan VR gaba ɗaya, ya kuma sa na'urar ta fara nuna maka ɗakinka ta kyamara kafin komai, har aka sa wani allo a waje mai nuna siffar idanunka ga mutanen da ke kusa. Meta ma haka ya yi da Quest 3 a 2023 da Quest 3S a 2024: abin da aka fi tallatawa shi ne kana ganin ɗakinka da launinsa, ana ɗora hotunan kwaikwayo a kai. Ba wanda ya fito ya faɗa, amma ƙirar da kanta ta amsa laifi. An gane mutane ba sa son a ɗauke su daga inda suke.

Kada a ɗauka na'urar ba ta samu gida ba. Ta samu, sai dai ba gidan da aka yi mata alƙawari ba. Ta fi amfani a inda aikin gajere ne, manufarsa a fili take, kuma yin sa a zahiri yana da tsada ko haɗari. Walmart ya sayi Oculus Go guda 17,000 a 2018 don horar da ma'aikata. Ana koyar da ɗaliban tiyata da ita, masu zanen gine-gine da motoci suna shiga cikin zanensu kafin a kashe kuɗin ƙerawa. A watan Nuwamba na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani shiri na duniyar kwaikwayo don rage ciwon baya mai daɗewa. Masu motsa jiki a gida sun riƙe ta, haka masu wasan tuƙin jirgi da tseren mota, waɗanda da ma a zaune suke cikin kujera.

Akwai kuma wasu masu amfani da ba su aka yi wa talla ba: yara. Wasan Gorilla Tag, mai zane mara ƙawa, inda ake tsalle-tsalle da hannu kamar birai, ya zama cikin mafi farin jini a Quest, kuma yara ne suka cika shi. A 2023 Meta ya sauko da mafi ƙarancin shekarun amfani daga 13 zuwa 10, da sharaɗin kulawar iyaye. Masu fata suna cewa waɗannan yaran su ne kasuwar gobe, za su girma ba sa jin baƙuncin abin. Mai yiwuwa ne. Amma yaro yana da abin da babba ba shi da shi, wato awanni a jere da babu mai nemansa, kuma ba a ga tukuna ko ɗabi'ar za ta tsira ranar da aiki da iyali suka zo ba. A yanzu dai abin ya jawo wasu tambayoyin, na wa yaran ke hira da su a ciki, da kuma irin bayanan da na'ura mai kyamarori a cikin gida take tattarawa.

Ana cikin haka sai ga wani abu ya ɓullo ta gefe. A watan Oktoba na 2023 Meta da kamfanin ƙera gilashin ido na EssilorLuxottica suka fitar da gilashin Ray-Ban Meta a kan dala 299. Babu allo a cikinsa, babu duniyar kwaikwayo, babu abin da yake rufewa. Gilashi ne kamar kowane, nauyinsa wajen gram 50, da kyamara da ƙananan lasifika, ana ɗaukar hoto da shi, ana amsa kira, ana yi wa manhajar ƙirƙirarriyar basira tambaya. A farkon 2025 EssilorLuxottica ya ce an sayar da miliyan 2. Bai kai Quest yawa ba, kuma ko kashi ɗaya cikin goma na mamakin Quest ba ya bayarwa. Sai dai mai shi yana iya sa shi da safe ya fita, ya gaisa da mutane, ya tsallaka titi, ya manta yana fuskarsa, kuma can ne Meta ya fara karkata kuɗinsa da tallarsa.